Gyaran Kwamfuta Daga Nesa: Wa Ka Buɗe Wa Ƙofa?

  Gaisuwa ta musamman ga mutanen Anka da Gummi da Bukkuyum. Gaisuwa ga na Daki Takwas da Nasarawar Burkullu da Bagega, da duk inda muryar nan ta kai.

Sharhinmu na yau a kan kwamfuta ne. Amma kada wanda ba shi da kwamfuta ya kashe rediyo. In dai akwai babbar waya a aljihunka, maganar ta shafe ka. In kuma kana da asusu a banki, ta shafe ka sau biyu.

Ga batun a taƙaice. Yau mutum zai iya zama a Kano, ya ga fuskar kwamfutar da ke Gummi. Ya buɗe abin da ke cikinta. Ya gyara abin da ya lalace. Ya rufe, ya yi sallama, bai taka tasha ba. Ana iya yin haka ko da kwamfutocin biyu ba iri ɗaya ba ne. Ana iya yi ko da waya ce kawai a hannun mai gyaran.

Abu guda nake so ku riƙe, kuma zan ta maimaita shi. Nisa ya daina zama cikas. Bambancin na'ura ma ya daina zama cikas. Abin da ya rage shi ne amana. Ka san wanda ka buɗe wa ƙofa.

Bari mu fara da dalilin da ya sa maganar ta fi damun mu a kan wasu.

Kowa a yankin nan ya san abin da tafiya ta zama. Daga Gummi zuwa Gusau, sai ka bi Daki Takwas, ka ratsa Anka, ka fita Mayanchi. Kuɗin mota ya hau. Yini guda ya tafi. Ga kuma fargabar hanya, wadda ba sai na faɗa muku ba. Mutum ba ya barin gida sai ya tambayi direbobi labarin hanya. Iyali ba sa samun natsuwa sai sun ji ya sauka lafiya.

Alhali kuwa aikin kwamfuta ya shigo mana ko'ina. Tun daga 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya ta kwamfuta. Lambar NIN da kwamfuta ake yin ta. Sakamakon WAEC da NECO a intanet ake dubawa. Sakatariyar ƙaramar hukuma, da asibiti, da makaranta, kowa da 'yar kwamfutarsa. Amma ƙwararrun masu gyara sun fi yawa a manyan birane. Suna Gusau, suna Sakkwato, suna kasuwar Farm Centre ta Kano. Kun ga inda gizo yake saƙa. Na'ura tana nan, gwaninta yana can, hanya kuma tana tsakani.

Ku ɗauki misalin wani shagon kwamfuta a bakin kasuwa. Lokacin fitar da takardar shiga jarrabawa ne. Ɗalibai sun cika benci, wasu na tsaye a rana. Janareta na shan mai. Sai firinta ta ƙi fitar da ko shafi ɗaya. Yaron shago ya kira ubangidansa da ya koya masa aiki, wanda yake Sakkwato.

"Oga, firinta ta tsaya."

"Mi kaka gani bisa allon?"

"Wani rubutu ya hito da Turanci, ban gane shi ba."

"Karanta mini."

Yaro ya karanta rabi, ya tsallake rabi. Oga ya ce danna nan, yaro ya danna can. Kati ya ƙare, firinta na nan yadda take.

To, da yaron ya buɗe manhajar shiga daga nesa, da labari ya sha bamban. Zai karanta wa Oga wata lamba da ta bayyana a allo. Oga ya rubuta ta a tasa na'urar. Wani ɗan akwati ya fito yana tambayar yaro ko ya yarda. Ya danna ya yarda. Nan take sai ya ga 'yar kibiyar nan tana yawo da kanta, shi kuwa hannunsa na aljihu. Oga ne yake juya ta daga Sakkwato. Ya buɗe wurin saitin firinta. Ya ga ayyuka sun cunkushe a layi, ya share su. Ya ce a gwada. Takarda ta fito. Gani ya kori ji.

Yanzu kuma mu zo ga tambaya ta biyu. Yaya abin yake aiki?

Ba sihiri ba ne, jama'a. Kwamfutar da ke shago ita ce take yin aikin duka. Abin da take aikawa waje shi ne hoton fuskarta. Ba ma duka hoton take aikawa kowane lokaci ba. Wurin da ya canza kawai take turawa, bayan ta matse shi don kada ya ci data da yawa. Shi kuma na nesa, abu biyu yake mayarwa. Harafin da ya danna, da inda ya kai kibiya. Hoto ya tafi, umarni ya dawo. Shi ke nan.

A nan ne amsar bambancin na'ura take. Kowace kwamfuta tana da babbar manhajar da ke tafiyar da ita. Yawancin na shagunanmu Windows ce, ta kamfanin Microsoft. Kwamfutocin Apple suna da macOS. Akwai Linux, wadda kyauta ce, kowa na iya saukewa. Wayoyinmu kuwa galibi Android ce. Manhajar da aka rubuta don ɗaya ba ta cika aiki a kan ɗaya ba. Amma hoto da danna harafi, kowacce ta san su. Muddin ɓangarorin biyu sun yarda da ƙa'ida guda ta aika saƙo, an gama. Mai Linux zai shiga Windows. Mai Windows zai shiga Apple. Mai wayar Android zai shiga dukkansu.

Dabarar ba ta jiya ba ce. Tun 1984 masana a jami'ar MIT ta Amurka suka fito da wani tsari mai suna X, wanda ke ba manhaja damar yin aiki a wata kwamfuta, ta nuna kanta a wata. A ƙarshen shekarun 1990, wasu masu bincike a birnin Kambirij na Ingila suka ƙirƙiro VNC, suka sake shi kyauta ga duniya. Har yau shi ne ginshiƙin raba allo a kwamfutocin Apple, kuma masu Linux na amfani da shi sosai. A 1998 Microsoft ya kawo nasa, wanda ake kira RDP. Daga baya kamfanoni biyu na Jamus suka sauƙaƙa abin ga kowa da kowa, TeamViewer a 2005, sai AnyDesk a 2014. Google ma yana da nasa, Chrome Remote Desktop. Lokacin kullen korona a 2020, da irin waɗannan ne ma'aikata da yawa a duniya suka riƙa shiga kwamfutocin ofis daga gida.

To wanne ya dace da mu? Ku saurara da kyau, nan ne masu shago suke yawan tuntuɓe.

RDP yana da sauri, yana da tsabtar hoto. Amma yana da sharuɗɗa. Windows ɗin da ake kira Home ba ta karɓar baƙo ta wannan hanya, sai wadda ake kira Pro ko sama da ita. Sannan idan na nesa ya shiga, allon da ke gabanka yakan kulle. Ba ka ganin abin da yake yi. Wannan ya dace da mutumin da ke shiga kwamfutar kansa. Bai dace da wanda ya kira mai gyara ba.

Akwai kuma matsalar adireshi. RDP da VNC suna son sanin adireshin kwamfutar da za su shiga kai tsaye. Mu kuwa yawancinmu da datar waya muke hawa intanet, ta MTN ko Airtel ko Glo. Kamfanonin waya sukan tara mutane da yawa a bayan adireshi guda. Na waje ba zai iya nemo ka kai kaɗai ba, sai an yi wani ƙarin saiti. Shi ya sa irin su AnyDesk da TeamViewer suka fi sauƙi a wurinmu. Kowane ɓangare yana fita ya sadu da na'urar kamfanin, ita kuma ta haɗa su. Lamba kawai za ka faɗa. Kuma ku biyun kuna kallon allo guda. Sai dai a sani, kyautarsu ta amfanin kai ce. Wanda ya mayar da abin sana'a, ƙa'idarsu ita ce ya biya lasisi. Akwai kuma RustDesk, wadda buɗaɗɗiya ce irin ta Linux. Masu Windows 10 da 11 kuma suna da Quick Assist, amma ba kowace irin na'ura take haɗawa ba.

Ta ɓangaren waya ma akwai bambanci. Wayar Android ana iya ganin allonta daga nesa, kuma sau da yawa ana iya sarrafa ta in mai ita ya ba da izini. Wayar iPhone kuwa, da irin waɗannan manhajoji kallo kawai ake yi, ba a dannawa.

Kun ji ke nan. Bambancin na'ura ya daina zama cikas. Abin da ya rage shi ne amana.

Kafin mu shiga maganar amana, bari mu faɗi iyakar abin. Don kada wani ya ce mun yi masa romon baka.

Iyaka ta farko ita ce wuta. Dole na'urori biyu su kasance a kunne. In wutar NEPA ta ɗauke, batir kuma ya mutu, aiki ya tsaya a tsakiya. Mai sola ya fi kwanciyar hankali.

Iyaka ta biyu ita ce sabis. Mutanen Zamfara ba sa buƙatar a ba su labarin wannan. A ranar 3 ga Satumban 2021 hukumar sadarwa ta NCC ta umarci kamfanonin waya su rufe layukansu a faɗin jihar, bisa buƙatar gwamnatin Bello Matawalle, saboda matsalar tsaro. An dawo wa Gusau da sabis a farkon Oktoba. Sauran ƙananan hukumomi sai wajen ƙarshen Nuwamba aka ba da umarnin buɗe layukansu. A waɗancan makonni, duk gwanintar mai gyara ba ta da hanyar isowa. Darasin a fili yake. Taimako daga nesa ƙari ne a kan ilimin gida. Dole kowane gari ya samu nasa masu gyara.

In sabis yana nan amma yana rarrafe, akwai dabara. A rage kyan hoto a cikin saitin manhajar. A cire hoton ado na fuskar kwamfuta. A rufe bidiyo da duk abin da ke sauke kaya a ɓoye. A zaɓi lokacin da mutane ba su cika layi ba, kamar bayan sallar asuba. Rubutu da saiti ba sa cin data kamar kallon fim.

Iyaka ta uku ita ce ƙarfe. In allo ya fashe, ko ruwa ya shiga, ko kwamfuta ta ƙi tashi gaba ɗaya, babu mai gyara ta daga Kano. Sai an sa hannu. Yankin nan ya san irin aikin da ba ya yiwuwa daga nesa. A 2010, da gubar dalma ta hallaka ɗaruruwan yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma, shawara daga waje ta yi amfani. Amma sai da likitocin ƙungiyar MSF suka zo da ƙafarsu. Sai da aka kankare gurɓatacciyar ƙasa gida gida. Hausawa suka ce zuwa da kai ya fi aike. Karin maganar tana nan daram. Abin da ya canza shi ne, yanzu mun san wace matsala ce take buƙatar zuwa, wacce kuma aike ya ishe ta.

To jama'a, mun zo kan gaɓar da ta fi kowacce muhimmanci. Wanda ke wani aiki ya ɗan dakata.

Kwamfutarka da wayarka tamkar gidanka ne. Nuna wa mutum allo ya kalla, kamar ka zaunar da shi a zaure ne. Ba shi ikon dannawa kuwa, ka shigar da shi har uwar ɗaki. Zai ga hotunan iyalinka. Zai ga takardunka. Zai ga saƙon banki idan ya shigo. Manhajar ba ta san mai gyara ba, ba ta san ɓarawo ba. Duk wanda ka ba lamba, shi za ta buɗe wa.

'Yan damfara sun daɗe da gane haka. Tun a 2019 Babban Bankin Indiya ya gargaɗi bankunan ƙasar cewa mazambata na sa mutane sauke AnyDesk don su kwashe musu kuɗi. Laifin ba na manhajar ba ne, halastacciya ce. Yadda ake yaudarar mutane su buɗe ta shi ne abin tsoro.

Ga yadda abin yakan kasance. Waya ta yi ƙara. Murya mai daɗi, mai ladabi.

"Ranka ya daɗe Alhaji, daga banki muke kira. An samu matsala a BVN ɗinka. In ba a gyara yau ba, za a rufe asusunka."

Gaban Alhaji ya faɗi. Kuɗin hatsin da ya sayar suna ciki.

"Kada ka damu Alhaji, ba sai ka zo Gusau ba. Zan turo maka wata 'yar manhaja, ka sauke, ka karanto mini lambar da ka gani."

Kun ji tarkon? Da abin da ya fi damun mu yake jan mu, wato wahalar hanya. Alhaji ya sauke. Ya karanta lamba. Ya danna ya yarda. Sai a ce masa ya buɗe manhajar bankinsa don a duba. Yana buɗewa, ana kallo. Lambar tabbatarwa ta shigo ta saƙo, ana karantawa tare da shi. Kafin ya ajiye waya, asusu ya koma fayau.

Masu sana'ar POS, wannan gargaɗi naku ne musamman. Kuɗin da ke hannunku ba naku ne ku kaɗai ba. Ma'aikatan asibiti da na makaranta, ku ma haka. Bayanan marasa lafiya da na ɗalibai amana ce a wuyanku. Idan kun buɗe wa baƙo, sirrin wasu kuka buɗe.

To mene ne mafita? Ba ta da wuya.

Da farko, kai ne za ka kira mai gyara. In shi ya kira ka, kuma ba ka san shi ba, kashe wayar. Banki ba ya cewa ka sauke manhajar da zai shiga wayarka. Banki ba ya tambayar lambar sirrinka. In hankalinka bai kwanta ba, kira lambar da ke bayan katinka na ATM.

Bayan haka, kada ka tashi daga gaban allo. Ana aiki, kana kallo. Kafin ka ba da izini, rufe manhajar banki da imel da WhatsApp. In ka ga kibiya ta nufi inda ba a aike ta ba, katse. Akwai maɓallin katsewa. In ka rasa shi, kashe data. Nan take an yanke.

Sai maganar lambar sirri ta dindindin. Manhajojin nan suna ba da damar a sa wata kalmar sirri da za a riƙa shiga ko ba ka nan. Yana da amfani ga mai shiga kwamfutar kansa. Amma kada ka ba kowa ita don kunya. In dole ce, a yi ta doguwa, ba shekarar haihuwa ba, ba lambar waya ba. In yaron shago ya bar aiki, a canza ta ranar.

Sannan a sauke manhaja daga shafin kamfaninta na ainihi, ko daga Play Store. A guji wadda aka turo ta WhatsApp. A riƙa sabunta ta. In aiki ya ƙare kuma ba a buƙatar ta, a cire.

Ka san wanda ka buɗe wa ƙofa. Ka zauna ka ga abin da yake yi. In ya gama, ka rufe.

Kafin mu yi sallama, ina da magana da matasa.

Wannan fanni sana'a ce. Matashin da ya iya shi zai zauna a Anka ya kula da kwamfutocin shaguna a Bukkuyum da Gummi. Ɗalibin da ba shi da kwamfuta mai ƙarfi zai iya aron ta yayansa da ke Jami'ar Usmanu Danfodiyo, ya shiga ta wayarsa, ya yi aikinsa. Kuma tun daga 14 ga Oktoban 2025 Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin yau da kullum ga Windows 10. Tsofaffin kwamfutoci na hannu da yawa ba za su ɗauki Windows 11 ba. Linux na iya raya su. Wanda ya iya Windows ya kuma iya Linux, ya san yadda ake haɗa su, ba zai rasa abin yi ba.

Muna kira ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da ke Talata Mafara, da Jami'ar Tarayya ta Gusau, su ba wannan fanni muhimmanci a koyarwarsu. A koya wa ɗalibai aikin, a haɗa musu da tarbiyyarsa. Domin jarin mai gyara daga nesa shi ne sunansa. Ranar da aka ce ya leƙa abin da ba a sa shi ba, kasuwarsa ta watse. Ku masu gyara, ku riƙa faɗa wa mai kaya abin da kuke yi, mataki mataki. Ku koya wa yaron shago, don gobe ya iya da kansa ko da sabis ya ɗauke.

Jama'a masu sauraro, ga roƙona gare ku. Yau da dare, bayan an ci tuwo, ku faɗa wa mutum ɗaya abin da kuka ji. Ku faɗa wa Baba. Ku faɗa wa Inna da ke karɓar kuɗi ta waya daga 'ya'yanta. Ku faɗa wa mai POS na bakin layi. Ku ce musu in baƙo ya kira ya ce a sauke manhaja a karanto lamba, a kashe waya a nemi na gida. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah ya kawo mana zaman lafiya a Zamfara da ƙasa baki ɗaya. Allah ya tsare mana hanyoyinmu da dukiyoyinmu.